Manhajar gane tsirrai ta gasa min aya a hannu

Na biya kuɗin wata uku a manhajar nan ta gane tsirrai da ake ta tallarta a Facebook, wadda za ka ɗauki hoton ganye ta faɗa maka sunansa. Taurari biyu na ba ta, su ma da ƙyar.

Akwai wani kangon fili a bayan gidanmu da na karɓa aro a daminar da ta wuce, da niyyar in shuka aya saboda maiɗakina tana kunun aya na sayarwa, kuma kowa ya san yadda kwanon aya ya koma yanzu. Bayan ruwa biyu sai gefen gabas ya cika da wata ciyawa mai sheƙi, karanta mai kusurwa uku idan ka murza shi a yatsa. An ce min wanda ya riƙe filin kafin ni ya taɓa shuka aya, sai na ce ko gyauro ne. Na ɗauki hoto, manhaja ta ce Cyperus esculentus, wato aya, har da bayanin yadda ake yin abin sha da ita a Sifen. Na sake ɗauka ta wani gefen, amsa ɗaya. Sai na bar gefen nan ban nome ba, na shuka irin da na saya, manyan nan na Maraɗi, a sauran filin. Har taki na zuba wa gefen gabas, buhu biyu na kashin awaki. Duk lokacin da na tuna takin nan sai raina ya ɓaci.

Cikin watan Agusta ciyawar ta yi kai. Kawuna ya zo duba mu, ya leƙa baya, bai ko sunkuya ba ya ce, "Kai Malam, aya-aya kake kiwo?" Na ce Kawu ai aya ce, waya ta faɗa. Ya tsinko kan guda ɗaya ya miƙo min. Ya ce in duba launin. Ƙananan zangarniyoyin nan siraran da suka baje a saman kara ja ne mai duhu, kamar an tsoma su a zobo. Na aya, in ji shi, ruwan ƙasa-ƙasa ne mai haske kamar busasshen kara, kuma ayar shuka ma ba kasafai take yin fure ba. Sannan ya sa fartanya ya tono. Maimakon ƙwaya ɗaya a ƙarshen kowace saiwa, sai ga baƙaƙen ƙulli a jere kamar carbi, igiya mai tauri ta haɗa su. Ya ce in ciza. Ɗaci da wani ƙamshi kamar na turare suka cika min baki, yana tsaye yana dariya.

Da dare na zauna da haushi na sake gwada manhajar, kuma a nan dole in faɗi gaskiya. Da na ɗauki hoton furen a kusa, a kan farar takarda, nan take ta ce Cyperus rotundus, wato aya-aya. Daidai. Na gwada ta da kajijin da ke bakin rafi, mai kara zagaye da gaɓa-gaɓa a ciki, ta gane shi. Bayanin da ta kawo ma ya koya min abin da ban sani ba: dangin nan sun haura iri 5,000 a duniya, kuma masana ba sa yarda da ganye wajen rarrabe su, sai fure da ƙwayar iri. Ƙwayar kuwa ba ta kai milimita 2 ba, tana ɓoye a ƙarƙashin ɓawon furen, mai kusurwa uku ita ma. Na murje zangarniya a tafin hannu don in gani, yawancinsu fanko ne, 'yan da na samu kuma kyamarar wayata ta kasa kama su, sai dishi-dishi. Wannan ba laifin manhaja ba ne. A daren har na fara tunanin in ba ta taurari huɗu.

To amma idan ta san ganye ba ya isa, me ya hana ta faɗa min tun a watan Yuni? Layi ɗaya kawai, a ce jira ta yi fure ko ka tono saiwar. Ba ta nuna wani kokwanto ba, ta ba ni suna kamar mai rantsuwa. Yanzu aya-ayar ta ratsa har cikin kunyoyin ayata, kuma duk inda fartanya ta tsinke igiyar sai kowane ƙulli ya tsiro da kansa. Sau uku muna tonewa da yara muna shanyawa a rana, har yau tana fitowa. Mai filin ya fara yi min wani irin kallo.

Da wata ukun suka cika kuma masu manhajar suka zare min kuɗin wasu ukun ba tare da tambaya ba. Na rubuta musu sau biyu, amsar inji kawai nake samu. Sai da na je banki aka toshe katin.