Jirgin rimot na fom mai fiffike 1400mm: sharhina bayan na haɗa shi na tashe shi

Tun farko bari in faɗi hukuncina saboda waɗanda ba su da haƙurin karatu: jirgin ya yi, ya ci kuɗinsa, kuma in mai koyo ne kai zan ce maka ka saya. Amma fa abin da ke cikin kwalin rabin abin da kake buƙata ne, kuma takardar bayanin da suka saka a ciki wallahi da ita gara babu.

Irin jiragen nan ne na China da injinsu ke saman baya, bayan fiffike, farfela na turawa maimakon ja. Faɗin fiffiken daga wannan baki zuwa wancan milimita 1400 ne, jikinsa fom ne da suke ce wa EPO, kamar farin abin nan da ake tokare firji da shi a kwali amma wannan yana lanƙwasawa ba ya karyewa nan take. Na zaɓi samfurin da ake rubuta wa PNP, wanda injin da ESC mai amfiya 30 (na'urar da ke sarrafa gudun injin) da sarbo huɗu masu giram 9 (ƙananan injinan da ke motsa fallayen fiffike da na jela) duk sun zo a ɗaure a jiki. Rimot, risiba (mai karɓar saƙon rimot a cikin jirgin), batir da caja kuwa kai za ka nemo abinka, kuma nan ne kuɗi ke tafiya, don ni dai abin da na kashe a kansu ya fi kuɗin jirgin kansa. Ga kwalin ƙato ne duk da ba nauyi, masu kawo kaya kuma girman kwali suke lissafawa, toh ka sa wannan ma a lissafi.

Rimot na ɗauki FlySky FS-i6 mai tasha 6, wato hanyoyin ba jirgi umarni shida, yana aiki a kan 2.4GHz, batir huɗu 'yan AA yake ci, ya zo da risibarsa a haɗe ba sai na sha wahalar haɗa su ba. Batirin jirgin kuma irin na caji ne da ake ce wa LiPo, 3S wato mai gida uku a haɗe, 2200mAh, bolt 11.1. Shi batirin a Legas na samo shi aka turo min Kano, don yawancin masu sayarwa daga waje ba sa yarda su sa LiPo a jirgin kaya saboda yana iya kamawa da wuta. Bakin batirin XT60 ne, na ESC ɗin kuma wani iri daban, sai da na kai wa wani mai gyaran waya a Farm Centre ya canja min da dalma, yana yi yana tambayata wai da gaske abin nan tashi zai yi.

Haɗa gangar jikin kam ba wani aiki ba ne, gaskiya a nan sun yi ƙoƙari. Fiffike biyu ne, ka zura sandar kabon a tsakiya ka tura su cikin jiki su zauna daram, jela kuma guda biyu, ta kwance da ta tsaye, su ake sa wa gam. Ramukan sun zo daidai, ban yanke komai ba ban goge komai ba. Gam ɗin da suka sako ɗan ƙarami ne kuma ya fara daskarewa a hanya, sai na yi amfani da efoksi mai kamawa cikin minti biyar. Shawarata a nan kar ka sa gam ɗin kyandir na bindiga, na san a bidiyoyin Turawa shi ake ta amfani da shi amma su ba su da ranar watan Afrilu irin tamu, laushi yake yi in ya sha zafi. Kuma kafin efoksin ya kama ka tsaya ta bayan jirgin ka hango, jelar kwance ta yi layi ɗaya da fiffike, ta tsayen kuma ta miƙe cak, in ta karkace ta kama a haka toh jirgin kullum gefe ɗaya zai riƙa ja.

Inda aikin yake shi ne saiti, kuma daidai nan takardar ta yi shiru. Hotuna ne baƙi da fari dishi-dishi, da Turancin da kana gani ka san inji ne ya fassara, babu inda aka ce maka wace waya ce za ta shiga wace tasha a jikin risiba. A FlySky tsarin shi ne ta ɗaya ƙananan fallayen da ke bakin fiffike masu karkata jirgi, su biyun suna haɗuwa a waya mai reshe biyu, ta biyu fallen jelar kwance mai ɗaga hanci da sauke shi, ta uku totur wato ESC, ta huɗu fallen jelar tsaye. Sannan kafin ka ɗaura sandunan turawa, masu haɗa sarbo da fallaye, dole ka kunna rimot ka jona batir sarbo su dawo tsakiya da kansu, a nan ne na ga biyu daga cikin huɗun an ɗaura musu hannu a karkace tun daga masana'anta, sai da na kwance ɗan sukurun na gyara zamansu. Wanda bai san da wannan ba zai wurga jirginsa ya ga ya yi kwana ya sha ƙasa ya ɗauka hannunsa ne bai iya ba.

Duk wannan saitin ana yinsa ne babu farfela a jiki, don Allah kar a yi wasa da wannan, injin nan ƙarami ne a ido amma farfelarsa tana tsaga yatsa. Ka tsaya ta baya, ka tura sandar dama ta rimot zuwa dama, fallen fiffiken dama ya ɗaga sama na hagu ya sauka, ka jawo ta wajenka fallen jela ya ɗaga, in wani ya yi akasin haka akwai wurin juya shi a cikin rimot. In injin baya yake juyawa, wayoyinsa uku ne, ka sauya kowaɗanne biyu shi kenan. Farfela kuma gefen da ke da rubutun lamba shi ke kallon gaban jirgi, ko da kuwa injin a baya yake, in ka juya ta za ka ji ƙara kamar me amma ba ƙarfi. Rimot ake fara kunnawa totur na ƙasa sannan a jona batir, wajen kashewa kuma batir ake fara cirewa.

Sai maganar daidaiton nauyi, wadda a ganina ta fi komai. Ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu ta ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin uku daga bakin gaba, kusan inda sandar kabon ta bi, ya tsaya daidai ko hancin ya ɗan sunkuya kaɗan. In jela ce ta rinjaya kar ma ka fita da shi, ba zai juyu ba. A nawa sai da na tura batirin can ƙurya cikin hanci kafin ya daidaita, kuma ba su sa komai da zai riƙe shi a wurin ba, ni na manna belkuro, abin maƙalewar nan irin na takalmin yara, na ja layi da biro don kullum ya zauna wuri ɗaya. Murfin wurin batirin ma maganaɗisunsa ba ƙarfi, kyauro nake zagaya masa.

A sama kuwa, kai, nan ya biya ni. Ba shi da taya, da hannu ake wurga shi yana fuskantar iska, totur ya ɗan wuce rabi, ka tura shi a miƙe ba sama ba. Tafiyarsa a natse take, yana ba ka lokaci ka yi tunani, in ka kashe inji ma ba ya faɗowa sai dai ya yi ta lilo yana saukowa a hankali, batir ɗaya yana kai ni wajen minti goma sha biyar in ban matsa masa ba. Saukarsa a kan ciki ce shi ya sa na shimfiɗa masa salatif mai faɗi a ƙasa, don filayenmu ba ciyawa ba ce, burji ne da ƙaya. Ya taɓa caka hanci a kunyar gona, fom ɗin ya motse, na zuba masa ruwan zafi ya kumburo kusan yadda yake, farfela da inji ko ƙwarzane tunda suna baya. Abin da ba ya so iska ce mai ƙarfi, lokacin hunturu in ta taso da hantsi wasa take da shi, ga hazo da ke haɗiye farin jirgi da ya ɗan yi nisa, na sa masa jan salatif a bakin fiffike saboda haka. Da sassafe bayan asuba ko dab da magariba ya fi daɗi. Kafin duk wannan na ɗan yi atisaye a PicaSim, manhajar koyon tuƙa jirgin rimot, kyauta ce, kuma ya taimaka min sosai musamman lokacin da jirgi ya juyo yana fuskantarka dama ta koma hagu.

Batirin yana son kula. Kowane gida bolt 4.2 ne in ya cika, kar ka bari ya sauka ƙasa da 3.3, in za ka ajiye shi kwanaki ka bar shi a 3.8. Cajata IMAX B6 ce, tana karɓar bolt 12, don haka ko babu NEPA batirin mota ko na sola ya isa, amma ban taɓa barinsa yana caji ni ina barci ba, a kan siminti nake ajiye shi nesa da katifa. Jirgin ma kar a bar shi cikin mota a rana, fatar fom ɗin ƙuraje take yi.

Wurin tashi kuma a yi hankali. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta ce sai da izini ake tashin jirage marasa matuƙi a Najeriya, kuma da halin tsaron da ake ciki jami'i ba zai tsaya tantance na wasa ne ko na leƙen asiri ba. Ni gonar wani ɗan'uwanmu nake zuwa can bayan gari, nesa da filin jirgi da bariki da wayoyin wuta, kuma sai da muka je muka gaida mai unguwa muka nuna masa abin tukuna. Yara kam za su taru ko ka so ko ka ƙi, sai ka samu babba ɗaya ya tsayar da su a bayanka.

In za ka yi oda ka haɗa da farfela ko da uku da sarbo biyu na ajiya a kwali ɗaya, don a kasuwarmu ban gan su ba, kuma kuɗin turo su su kaɗai daga baya ya fi kuɗinsu.