Sharhi kan darussan manɗiƙin Girkawa da na saya ta intanet

Watanni biyu ke nan da na biya kuɗin wasu darussan bidiyo guda goma da ake gabatarwa da Larabci, kan yadda Girkawan dā suka fahimci ƙadiyya, wato zancen da za a iya gaskatawa ko a ƙaryata. Na shiga da ɗan guzurin manɗiƙ, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, da na samu a zaure, ina neman sanin tushensa.

Darussan da suka tsaya kan Aristotal, wanda ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa, sun biya ni. Malamin ya soma da misalin Aristotal kansa, cewa addu'a zance ce, amma ba a ce mata gaskiya ko ƙarya, sannan ya rarrabe tabbatarwa da korewa, da hukuncin da ya game duka da wanda ya taɓa wasu kawai. Inda ya fi ƙwarewa shi ne nau'o'in saɓani: "kowane mutum adali ne" da "babu mutum adali" suna iya zama ƙarya su duka biyun, alhali tsakanin "kowane mutum adali ne" da "wani mutum ba adali ba ne" dole ɗaya ta zama gaskiya, ɗayar ƙarya. A nan sai da na tsayar da bidiyon na zana su a bayan takardar kuɗin wuta kafin abin ya zauna mini. Daga malamin na ji cewa haruffan A, E, I, O, da ake yi wa nau'o'in ƙadiyya huɗu alama da su, malaman Latin ne suka ƙago su daga baya.

Ƙorafina a kan Sitoyikawa ne, mabiya wata mazhabar falsafa ta Girkawa, domin darasi ɗaya rak aka ba su, duk da cewa su ne, musamman Kirisifas, suka fi zurfafa a ƙadiyya mai sharaɗi, irin "idan rana ce, to akwai haske", wadda muke kira sharɗiyya. Saɓanin Filo da Diyodoras, wasu masana manɗiƙ na Girkawa, kan lokacin da irin wannan zance yake inganta, a tsaitsaye aka wuce shi, alhali Filo ya ce ba ya ɓaci sai in farkonsa gaskiya ne ƙarshensa ƙarya, maganar da ta cancanci zama na musamman.

Sautin wannan darasin ma yana yankewa, kuma ba a iya sauke bidiyon, don haka duk maimaici sai ya ci data. Na rubuta wa masu shirin na nemi su faɗaɗa shi, har yau ban sami amsa ba.