BDS ko MBBS: abin da ɗalibi zai tarar a kowanne, daga aji ɗaya zuwa aji shida

Wata 'yar'uwa a cikinmu daga Tudun Wada ta kawo tambaya. 'Yarta ta nemi karatun likita, wato MBBS, sai aka ba ta gurbi a fannin haƙori, BDS. Tana son ta san ko yarinyar ta karɓa da niyyar sauyawa daga baya, ko ta zauna gida ta sake rubuta JAMB. Ta kuma ce an gaya mata na haƙori ya fi sauƙi, shin haka ne?

Hajiya, bai fi sauƙi ba. Wahalarsa ce ta sha bamban, kuma wanda ya shige shi da tunanin wurin jira ne kafin ya tsallaka MBBS, shi ne ya fi kowa shan wuya a cikinsa.

Ƙofar shiga ɗaya ce. Duka biyun shekara 6 ne idan babu yajin aiki kuma ba a maimaita aji ba. Darussan JAMB ɗaya: Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. Hukuma ɗaya ce ke kula da su, MDCN, wato hukumar likitoci da likitocin haƙori ta Najeriya, ita ke ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, ita ke rajistar sunayensu, ita kuma ke ba da lasisi a ƙarshe. Wannan ƙayyadewar ce ta sa sauya sheƙa daga BDS zuwa MBBS ba abin dogaro ba ne, domin guraben MBBS a cike suke tun daga farko. Ga mutanen Kaduna, MBBS na nan a Jami'ar Jihar Kaduna, inda ɗalibai ke koyon aiki a asibitin Barau Dikko, da kuma ABU Zariya da asibitinta na Shika. Makarantun haƙori kuwa ba su kai na likitanci yawa ba a ƙasar nan. A Arewa waɗanda suka daɗe su ne na Jami'ar Maiduguri da na Bayero ta Kano, wadda ɗalibanta ke aiki a asibitin Malam Aminu Kano, ABU ma ta buɗe tsangayarta daga baya.

A aji ɗaya zuwa aji uku da ƙyar za ki bambance su. Aji ɗaya kimiyya ce zalla. Aji biyu da uku anatomi ne da fisiyoloji da bayokemistiri, galibi a zaure ɗaya, da malamai ɗaya, kuma ɗalibin haƙori yana tsayawa a kan gawa a ɗakin fiɗa kamar kowa. Makin ci 50 ne, wanda ya faɗi ya sake rubutawa, wanda ya sake faɗuwa ya maimaita shekara. Abin da aka ƙara wa ɗalibin haƙori shi ne ilimin halittar baki: haƙora 32 na babba da 20 na yaro, kowanne da siffarsa da yawan saiwarsa da lokacin fitowarsa. Sai kuma kai da wuya, waɗanda ɗalibin MBBS zai iya karantawa don jarrabawa ya wuce, amma ɗalibin haƙori dole su zauna masa daram, domin a nan zai riƙa soka allura har ya yi ritaya.

Daga aji huɗu hanya ke rabuwa. Duka suna yin fatoloji, wato ilimin cututtuka, da ilimin magunguna, kuma ɗalibin haƙori yana shiga ɓangaren magani da na tiyata na wani lokaci, don ya san mai hawan jini da mai ciwon suga da mai sikila da mai juna biyu kafin ya taɓa bakinsu. Amma bayan haka ɗalibin MBBS sai ya tare a ɗakunan kwantar da marasa lafiya: zagayen safe a bayan babban likita, ɗaukar tarihin ciwo, gabatar da mara lafiya a gaban jama'a, ɗakin haihuwa, ɗakin yara, kwanan asibiti. Ilimin da ake nema a wurinsa faɗi ne da shi, daga kwanya har yatsan ƙafa. Yana ɗiban jini, yana sa robar ƙarin ruwa, yana karɓar haihuwa a ƙarƙashin kulawa, amma yawancin aikinsa kallo ne da tunani da amsa tambaya. Babban aikin hannu sai ya gama.

Ɗalibin haƙori kuwa ɗakin gwaji yake shiga, kuma a nan ne ake gane wanda fannin ya karɓa. Da sassaƙa ake farawa. A ba shi guntun kaki da 'yar wuƙa a ce ya fitar da haƙorin gaba na sama, tsawon kansa kimanin milimita 10 da rabi, faɗinsa 8 da rabi. Idan ya zarce da yanka babu gyara, sai sabon kaki. Daga nan sai kan roba mai muƙamuƙi, wanda ake dasa wa haƙoran roba ko na gaske da aka cire, a ɗaura shi a kan teburi kamar mara lafiya a kwance. A kansa ake koyon haƙa rami da injin da ke juyawa sama da sau 300,000 a minti. Kuskuren milimita ɗaya ya isa a huda ɗakin jijiyar haƙori, abin da zai mayar da ɗan ciko ya zama aikin saiwa. Haƙoran sama kuma ba a leƙa su kai tsaye, ta cikin ɗan madubi ake aiki, inda komai ke juyawa: ido na cewa dama, hannu na bukatar ya tafi hagu. Makonni ake ɗauka kafin hannu ya saba. Wanda ya ƙi saba wa madubi ya zaɓi ya riƙa sunkuyo yana karya wuya, ciwon baya na jiransa tun bai gama makaranta ba.

Ɗaukar awon baki ma darasi ne mai zaman kansa, kuma yanayin garinmu na shiga cikinsa. Garin aljinet da ake kwaɓawa da ruwa a cusa a baki, zafin ruwan ne ke yanke saurin daskarewarsa. A bazara, ruwan da ya kwana a tanki yana sa ya daskare tun a cikin kwano kafin a kai baki, shi ya sa ake neman ruwan sanyi. A hunturu matsalar daban ce: busasshiyar iska na tsotse ruwan awon da aka ɗauka, ya tsuke. Don haka ana zuba masa filasta cikin minti 10 zuwa 15, idan kuma za a jira kaɗan sai a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen gozi a sa a leda. Ba a jefa shi cikin ruwa, domin sai ya sha ya kumbura. Filastar ma da ma'auninta: mai ƙarfin ana kwaɓa giram 100 da ruwa kimanin mililita 30, ana bubbuga kwanon don iska ta fita. Idan kumfa ta maƙale a kan tsinin haƙori, samfurin ya lalace, duk abin da aka gina a kansa ba zai zauna a bakin mai shi ba.

Haƙoran roba na cikakken baki sun fi komai nuna yadda kuskure ke bin mutum. Awon farko, sai faranti na musamman daidai bakin mutumin, sai awo na biyu, sai auna yadda muƙamuƙan ke haɗuwa, sai gwaji da haƙoran a jere a kan kaki, sannan a binne su cikin filasta, a narkar da kakin, a cusa akirilik, wato robar da ke riƙe haƙoran, a dafa. Zuwa biyar ke nan mara lafiya zai yi, aƙalla. Idan aka yi gaggawar ƙara wuta wajen dafawa, ruwan akirilik ɗin na tafasa a kusan digiri 100, sai aikin ya fito da ƙananan ramuka a ciki, ya yi rauni, ya riƙa tara datti. Idan kuma awon haɗuwar muƙamuƙi ya yi tsawo, dattijo zai sa haƙoran su riƙa ƙwanƙwasar juna in yana magana, kwana biyu ya jefa su a aljihun babbar riga. Ɗalibi ya koma baya ke nan. Wani abu ƙarami da ya shafi 'yarki: a ɗakin nan ana aiki da fitilar sifirit a kunne duk yini, don haka ana cusa gefen hijabi cikin farar riga a naɗe hannu. Malamai ba sa wasa da wannan.

Babban bambancin yana aji biyar da shida. Ɗalibin MBBS ana auna shi da halarta da abin da ya sani da yadda ya binciki mara lafiya. Ɗalibin haƙori, ban da waɗannan, yana da littafin ayyuka da dole ya cika kafin a bar shi ya zauna jarrabawar ƙarshe: ciko kaza, cire haƙori kaza, wankin haƙori kaza, haƙoran roba kaza, yara kaza. Adadin ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta, amma ko'ina da hannunsa zai yi, a bakin mutum mai rai, malami na duba kowane mataki yana sa hannu. Shi zai yi allurar kashe zafi, lidoken kashi 2 cikin 100 mai haɗe da adirenalin, ya ja baya kaɗan ya tabbatar bai shiga jijiyar jini ba kafin ya tura. Shi zai sa farin ciko, ya wanke wurin da asid na daƙiƙa 15, ya riƙa zubawa kauri bai wuce milimita 2 ba yana haska fitila a kan kowane. Idan miyau ya taɓa wurin kafin a gama, cikon ba zai kama ba, bayan 'yan makonni ya faɗo.

Wahalar da ba a faɗa wa masu shiga ita ce samun marasa lafiyar. Mutanenmu ba sa zuwa asibitin haƙori sai ciwo ya hana barci, kuma da sun zo abin da suke so shi ne a cire kawai. Saboda haka cire haƙori ba ya wuyar samu, amma mai yarda a yi masa aikin saiwa ya dawo sau biyu ko uku, ko tsohuwar da za ta yi zuwa biyar don haƙoran roba, sai an tona. Ɗalibi na iya kai aiki mataki na huɗu mai shi ya tafi ƙauye biki bai dawo ba, aikin ba zai shiga lissafi ba. Shi ya sa za ki ga ɗaliban haƙori suna kiran waya suna lallashi, wani lokaci har suna biyan kuɗin mota daga aljihunsu. Ga kuma kujera: idan injin iska ya tsaya ko wuta ta ɗauke, ranar ta tafi. Ɗalibin MBBS ba shi da wannan damuwar, gadajen asibitin koyarwa ba sa rabuwa da mutane. Tasa damuwar ita ce yawan abin karantawa da rashin barci da ganin mutuwa kusan kullum, musamman a ɗakin yara lokacin damina.

Ta fuskar kuɗi, BDS ya fi cin aljihu a shekarun asibiti. Ɗalibin MBBS na bukatar abin sauraron ƙirji da 'yan kayan gwaji da littattafai. Na haƙori yakan sayi wuƙaƙen kaki, haƙoran roba, kan injin haƙa, filaya da wayar lanƙwasa ta milimita 0.7, wasu kuma kayan ƙarewa ne da za a yi ta sabuntawa. Duka biyun su yi rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin su fara taɓa marasa lafiya, allura uku: ta farko, bayan wata 1, sai bayan wata 6.

Zaman aji ma ya bambanta. Ajin haƙori ƙarami ne, malamai sun san kowa da suna, babu inda za a ɓuya, amma kuma mai rauni ba ya ɓacewa a cikin taro. Ajin MBBS babba ne, mutum na iya yin mako ba a lura da shi ba.

Bayan kammalawa kowannensu Dakta ne, kowanne zai yi shekara 1 ta horon asibiti, sannan hidimar ƙasa. Na MBBS yana zagaya magani, tiyata, yara da haihuwa. Na BDS yana zagaya tiyatar baki, gyaran haƙori, haƙoran yara da rigakafi. Kada kuma a ɗauka fannin ya tsaya a ciko da cirewa. Masu ƙwarewa a tiyatar baki da fuska su ke ɗaure karayar muƙamuƙin waɗanda suka yi hatsarin babur ko mota a hanyar Kaduna zuwa Zariya, su ke cire ƙarin da ke cin ƙashin haɓa, suna cikin masu ɗinke leɓen jariran da aka haifa a tsage, da masu gyara fuskar yaran da cutar noma (ciwon da ke cin naman baki da fuska) ta ci, wadda har asibiti na musamman aka yi mata a Sakkwato. Wanda ya zaɓi wannan reshe, kwanan asibiti da doguwar tiyata na jiransa kamar kowane likitan tiyata. Sauran rassan kuwa sun fi ba mutum damar tsara lokacinsa, abin da mata da yawa masu iyali ke dubawa.

Shawararmu, Hajiya: idan abin da ke ran yarinyar shi ne haihuwa ko yara ko ciwon zuciya, BDS ba zai kai ta can ba, gara ta sake JAMB da ta yi shekara shida tana hangen ajin maƙwabta. Idan kuwa mai son aikin hannu ce, mai haƙurin maimaita abu har ya fito daidai, ta karɓa da zuciya ɗaya. Kafin ku yanke, ku yi abu biyu. Ki ba ta sabulun wanki mai tauri da ƙaramar wuƙa da hoton turmin haƙori, ta sassaƙa shi, ki lura ko ta zauna a kai tana gyarawa ko ta gaji ta ajiye. Sannan ku tabbatar makarantar na cikin waɗanda MDCN ta amince wa su koyar da BDS, ku kuma nemi wani ɗalibin aji biyar a can ku tambaye shi kujeru nawa ne ke aiki a asibitinsu, kuma ɗalibai nawa ne ke rabon kowace ɗaya.