Akwatin Kaka Daga Foland: Me Ya Kamata A Fara Saye?

Iyalan Yahudawa da yawa a New York da Landan suna da irin wannan akwati: hotunan kakanni daga Warsaw ko Vilna (Vilnius ta ƙasar Lithuania a yau), takardar aure da suke kira ketuba, mayafin addu'a na ulu, da kofin azurfa na daren Asabar. Wasu ma abin da ya rage musu ke nan na dangin da aka hallaka tsakanin 1939 da 1945. Mai son adana su yakan fara da tambayar wace sikana zai saya. A ganina ya soma daga wutsiya. Kuɗin farko na kwali ne da fensir.

Hotuna tukuna. Albam mai danƙo, irin wanda aka yi yayi a shekarun 1970, shi ne babban abokin gaba: gam ɗinsa yana rina hoto ya koma ruwan ɗorawa, kuma ya kama shi ƙam. Ledar PVC ma haka, ana gane ta da warin sabuwar roba. Zaɓi na gaskiya biyu ne. Ko dai aljihunan roba na poliyesta ko polifurofilin, waɗanda ke ba jikoki damar kallo ba tare da yatsa ya taɓa hoton ba, ko kwalin ajiya marar asid, wanda ya fi araha kuma ya fi ɗaukar kaya. Hotuna ashirin da kowa ke tambaya su shiga aljihu, sauran ɗaruruwan su kwanta a kwali. Kowanne za a saya, a duba ko an rubuta ya ci gwajin PAT, wato gwajin da ke nuna kayan ba za su lalata hoto ba. Kalmar "na adana tarihi" kawai a jikin kaya, bakin ɗan kasuwa ne.

Fensir kuwa don sunaye. Biro yana huda hoto, tawadarsa ta ratsa. A zaunar da tsohuwar gidan tun tana da rai, a rubuta wane ne wannan, a wane gari. Bayan hoton sau da yawa akwai rubutu da Yidish, harshen Yahudawan Gabashin Turai, cikin haruffan Ibrananci, kamar yadda ajami ke ɗaukar Hausa da haruffan Larabci, don haka gaba da baya duka za a kwafa.

Batun kwafi, manhajar waya irin su Google PhotoScan kyauta ce, ta isa aika wa dangi a WhatsApp. Amma sikana ta tebur, misali Epson Perfection V600, tana ɗaukar har da fim ɗin hoto, kuma a 600 dpi (ɗigo 600 a kowane inci) cikin tsarin TIFF da ba ya rage ingancin hoto, fuskar da ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba takan fito sarai. Idan hotunan ba su fi hamsin ba, aro ya fi saye.

Azurfa ba ta da wahala. Farar wuta da ke cikin iska ce ke baƙanta kofi da mazaunin kyandir, saboda haka a sayi ƙyallen naɗe azurfa irin Pacific Silvercloth, a nisanta su da jarida da robar ɗauri. Yawan gogewa da man goge ƙarfe yana cinye sunan da aka zana a jiki.

Mayafin, wato talit, yana son takardar naɗi marar asid, wadda ba a sa mata sinadarin alli ba, domin mai allin ta fi dacewa da auduga da takarda, ba ulu da alharini ba. A riƙa dubawa saboda asu. Fatar mezuza (rubutun da ake maƙalawa a ƙofa) da ta tefilin (akwatunan fata da ake ɗaurawa lokacin addu'a) danshi ke murɗe su, zafi ya tsattsaga su, don haka ɗakin ƙarƙashin ƙasa da saman rufi duk ba wurinsu ba ne. Lamineshan kuwa, ko a ketuba ko a wasiƙa, kada a kusance shi, ba ya ciruwa.

Akwai kuma zaɓin da ba na saye ba. Cibiyar tunawa ta Yad Vashem a Kudus tana karɓar kayan zamanin Holokos, wato kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, Cibiyar Leo Baeck a New York tana tattara na Yahudawa masu jin Jamusanci, cibiyar YIVO da aka kafa a Vilna a 1925 kuma tana tattara na Yahudawan Gabashin Turai. Wanda zai bayar ya kwafi komai tukuna, ya karanta takardar mallaka da kyau, don abin da aka miƙa ba kasafai yake dawowa gida ba. Littafin addu'a da ya ƙare kuwa, mai sunan Ubangiji a ciki, ba a jefa shi a shara: majami'ar Yahudawa ake kai wa, a sa shi a geniza, wato ma'ajiyar tsofaffin littattafai masu tsarki, har a binne.