Cok na zamani da siririn tub ɗin fulorisan, abin da na gani bayan na ɗaura su

Jama'a masu yawan tambayata kan wannan ƙaramin cok ɗin na zamani, marar nauyi ɗin nan mai gidan roba ko na gwangwani wanda ba ya buƙatar sitata, bari in fara da amsar kai tsaye (cok dai shi ne na'urar da ke tada tub tana daidaita wutar da ke shigarsa, sitata kuma ɗan abin da ke taimaka wa tsohon cok wajen tada shi). Idan damuwarka ita ce tub yana ta ƙifce-ƙifce ya ƙi kamawa duk lokacin da wuta ta yi ƙasa, to saya, wannan kam zai yi maka maganinta. In kuwa so kake ka ɗaura abu ka manta da shi shekara da shekaru yadda tsohon cok mai nauyin nan yake yi, gaskiya ka rage buri, musamman idan mai arahar ka ɗauka.

Ni aikin wayarin nake yi a Kano, kuma na ɗaura shi a wurare daban-daban, shagon teloli, wata Islamiyya da ake karatun dare, da wani kemis. Duk tub mai ƙafa huɗu ne, siririn nan mai wat 36. A kasuwar Sabon Gari na saye su, mai shagon kuma ya kyauta don sai da ya haɗa kowane ɗaya a kan allon gwajinsa na ga ya kama sannan na biya, wanda ba kowa ke yarda ya yi maka haka ba.

Amma kafin maganar cok akwai wani zargi da nake so in wanke, don kullum sai na ji shi, wai siririn tub jabu ne, na da mai kaurin nan shi ne na gaske tunda shi ko wuta ba ƙarfi yana daurewa ya kama. Mutane ba ƙarya suke ba kan abin da suka gani, mai kaurin ya fi saurin tashi, amma ba maganar jabu ba ce, iskar gas ɗin da ke cikinsu ce ba ɗaya ba.

Cikin tub ɗin nan ba fanko ba ne. An zuƙe iskar ciki an zuba gas ɗan kaɗan, matsinsa bai kai ko kashi 1 cikin 100 na iskar da muke shaƙa ba, sannan an sa ɗigon zaiba. Idan wuta ta ratsa, tururin zaibar ne ke fitar da wani haske da ido ba ya gani, farar hodar da aka shafe cikin gilashin da ita, ita ce ke mayar da shi farin hasken da muke gani. Tsohon mai kauri, wanda faɗinsa milimita 38 ne kuma wat 40, argon ne a cikinsa da zaiba. Siririn mai milimita 26 da ya fito a Turai wajen ƙarshen shekarun 1970, shi an gauraya masa kiripton a cikin argon ɗin. Dalili kuwa shi ne idan ka matse tub ya zama siriri, bolt ɗin da yake buƙata yana aiki sai ya hau, to kiripton gas ne mai nauyi, ya ninka argon sau biyu da ɗoriya, shi ke sauko da bolt ɗin ya dawo wajen 103 kamar na mai kaurin, shi ya sa za ka iya cire wancan ka sa wannan a kan cok ɗaya ba ka canza komai ba, kuma ka samu ragin wat 4. Dabara ce mai kyau ƙwarai a ƙasar da wutarta ke tsaye a bolt 230. Inda ta bar baya da ƙura shi ne wajen tashi.

Abin da ya sa kuwa, wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Frans Penning, da ke aiki a ɗakin binciken kamfanin Philips a garin Eindhoven, shi ya bayyana shi a 1927. Ya gano cewa idan ka ɗauki gas ɗin niyon zalla yana buƙatar bolt mai yawa kafin wuta ta keta shi, amma ka ɗiga masa argon ɗan mitsitsi, ƙasa da kashi 1 cikin 100, sai bolt ɗin tashi ya faɗo ƙasa sosai, ƙasa da na niyon shi kaɗai, ƙasa da na argon shi kaɗai. Yadda abin yake, kafin gas ya yarda wuta ta bi ta cikinsa sai an fizge elektiron daga ƙwayoyinsa, kuma kowane gas da nasa farashin. Niyon sai an biya shi 21.6 a ma'aunin da ake kira elektiron-bolt, argon 15.8, zaiba 10.4. To ƙwayar niyon tana da wani hali, idan aka buge ta bugun da bai kai ya fizge mata elektiron ba, takan riƙe 16.6 ta yi ta yawo da shi ba ta saki ba, da ta ci karo da ƙwayar argon sai ta juye mata, kuma 16.6 ya wuce 15.8, nan take elektiron ya fita. Ƙarfin da da asararsa za a yi sai ya zama shi ne ya buɗe hanya. Kuma abin mamakin, idan ka cika argon ɗin da yawa sai amfanin ya ragu, kaɗan ɗin shi ne sirrin.

Haka argon ke yi wa zaiba a cikin tub mai kauri, yana riƙe wajen 11.5, zaiba na neman 10.4, ciniki ya faɗa. Shi kuwa kiripton matakinsa na ƙasa 9.9 ne. Kamar a ce kuɗin mota dubu goma da ɗari huɗu, argon ya zo tasha da dubu goma sha ɗaya da ɗari biyar har da canji, kiripton ya zo da dubu tara da ɗari tara, saura kaɗan amma bai isa ba. Yana da wani matakin na sama da ya ɗan haura na zaiba, amma dai taimakon bai kai na argon ba, don haka dole cok ya yi bugu mai ƙarfi kafin siririn tub ya kama.

Sai a ƙara da sanyi. Zaiba ai ruwa ce, zafi ke sa ta yin tururi, to da asubar hunturu a watan Disamba ko Janairu yawancinta ta kwanta a jikin gilashi, tururin ya yi kaɗan, argon ma bai samu wanda zai juye wa ba balle kiripton. Shi ya sa masallatai da yawa za ka ga fitilar da ta kama lafiya lau da isha'i ta ƙi tashi da asuba, ko ta tashi dishi-dishi tana wani murɗawa kamar hayaƙi a ciki sai ta ɗumama ta daidaita, mutanen Jos sun fi mu sanin wannan. Da damina kuma laima ce ke kwanciya a bayan gilashin tare da ƙura ta hana shi tashi, wanda ya sa wani lokaci goge tub da busasshen tsumma kawai ya isa. Masu shafa tub da hannu ya kama su ma ba camfi ba ne, hannun yana taimaka wa wutar ta fara ketawa daga bakin tub ɗin, sai dai ni ba na so ana yi, don na sha ganin fitin, wato gidan da tub ke zama, da jikinsa ke ɗauke da wuta.

Ita kanta sitata ɗan ƙaramin tub ne mai gas a ciki da wani ƙarfe mai lanƙwashewa in ya ji zafi. Sai gas ɗinta ya kama ya ɗumama ƙarfen, ya haɗe, zaren da ke bakin tub biyu su yi ja, sannan ya huce ya rabu, a rabuwar nan ne cok ke harba bugun ɗaruruwan bolt. Idan wuta ta sauko ƙasa da wajen 180, a abin da na saba gani a mitata, ko dai sitatar ta kasa haɗewa sam, ko ta haɗe bugun ya zo ba ƙarfi, a yi ta ƙyal-ƙyal har bakin tub ya yi baƙi. Kuma kar testa ta ruɗe ka, ɗan ƙwan da ke cikinta irin gaurayen niyon da argon ɗin nan ne na Penning, ƙasa da bolt 100 ma yana kamawa, don haka testa ta kawo ja ba ya nufin wutar ta isa ta tada tub. Mita za ka sa.

To a nan ne cok na zamani ya burge ni. Shi ba ya jiran sitata, yana juya wutar ne ya mayar da ita mai saurin kaɗawa sau dubbai a daƙiƙa maimakon 50 ɗin layi, kuma da kansa yake tara bolt mai yawa a kan tub har sai ya kama. A Islamiyyar nan da magariba wutarsu kan sauko wajen 170, da tsohon cok ajin gaba ɗaya sai dai a kunna tocila, da na zamani kuwa ina danna makunni suka tashi gaba ɗaya, hasken ya ɗan ragu kam amma yara na ganin allo suna karatu, kuma wallahi wannan kaɗai ya biya ni. Da sanyin asuba ma ya tashi, sai dai minti na farko hasken na da rauni kafin zaiba ta ɗumama, wannan ba laifin cok ba ne. Ba ya ƙugin nan na zzz, ba ya zafi irin na tsohon, kuma teloli sun ce idonsu ya huta, wanda na yarda da su don da tsohon cok hasken yana rawa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya kamawa sosai amma mai kallon allura tana hawa da sauka yini guda yana ji a jikinsa. A kan ƙaramin janareta ma ya fi haƙuri.

Inda ban ji daɗinsa ba, na farko masu arahar ba sa ɗumama zaren bakin tub yadda ya kamata kafin su buga, da ƙarfin tsiya suke tada shi a sanyaye, kuma kowane irin wannan tashi yana ɗan cinye hodar da ke jikin zaren, to a wurin da ake ɗauke wuta ana kawowa ba adadi sai ka ga bakin tub ya yi baƙi da wuri. A kemis ɗin haka ta faru, tub sabo amma ya tsufa kafin lokacinsa. Na biyu ba ya jure wuta mai yawa, ranar da aka kawo ta da ƙarfi fiye da ƙima ko waya ta haɗu a layi, tsohon cok zai yi zafi ya yi wari ya rayu, wannan kuwa ɗan tas za ka ji shi kenan, in ka buɗe ka tarar kafasita ta kumbura ko tiransisto ya fashe, kuma gyaransa bai cika riba ba. Na uku, wannan ya dame ni sosai don ban ga mai faɗa ba, yana shiga rediyo. Dattijon da ke gadi kusa da shagon telolin ya yi ta ƙorafi cewa tunda aka sa fitilun nan in ya kamo gajeren zango sai shuuu, sai ya matsa can nesa yake jin labarai. Masu tsadar suna da matatar da ke tare wannan, masu arahar an cire ta don a rage kuɗi.

Idan za ka saya, ɗaga shi ka ji, wanda ya yi shafal kamar ba komai a ciki ka ajiye. Duba jikinsa a ga an rubuta wat 36 ko 40 da adadin tub ɗin da yake ɗauka, kar ka sa na tub ɗaya ya ja biyu. Ka tambayi mai ɗan jinkirin nan, wanda in ka kunna sai ya yi kamar daƙiƙa ɗaya kafin ya kawo, mutane na ɗauka lalaci ne alhali ɗumama zare yake yi, shi ne mai raya tub. Wajen ɗaurawa a cire tsohon cok da sitata gaba ɗaya, wayoyi huɗu su tafi bakin tub biyu-biyu, kuma makunni ya zauna a kan waya mai wuta, in aka sa shi a kan nutural za ka ga tub yana ɗan walƙiya cikin dare bayan an kashe. Ko ka kashe wuta ka ɗan jira kafin ka taɓa cikinsa don kafasitar na riƙe caji.

Na san wani zai ce me ya sa ba za a koma LED kawai ba, kuma in sabon wayarin ne ni ma shi nake ba da shawara, Tarayyar Turai ma ta hana shigo da sababbin irin waɗannan tub kasuwarta tun 2023 saboda zaibar da ke ciki. Amma makarantar da ke da fitin masu yawa da kwalin tub a sito ba ta da kuɗin canza komai rana ɗaya, ga kuma fitilun kama ƙwari na wuraren sai da abinci da na kashe ƙwayoyin cuta a injin tace ruwa, su har yanzu yawancinsu tub ne mai zaiba, dole dai a san yadda za a tada su. Kuma don Allah in tub ya mutu kar a bar yara su fasa shi suna wasa da hodar, in ya fashe a ɗaki a buɗe taga a fita na ɗan lokaci, a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma.

Wanda kuma wutar unguwarsu tana da ƙarfi, sanyi ne kawai ko tsufa ke hana tub ɗinsa tashi, kar ya yi saurin yar da tsohon cok ɗinsa mai waya jan ƙarfe, ya fara duba sitata. Sau da yawa ina tarar an sa wadda aka rubuta wat 4 zuwa 22 a kan tub mai ƙafa huɗu, alhali mai 4 zuwa 65 ce tasa, kuma canza ta bai kai kuɗin cok ko kusa ba.