Korg Minilogue: daren da muka jera na'urori uku a tebur ɗaya

Na daɗe ina haɗa sauti da manhajojin kwamfuta, kuma har gobe ina amfani da su. Linzamin kwamfuta ne ya ishe ni. Ka ja wannan, ka saki, ka koma ka ja wancan, kafin ka gama sautin da ke kanka ya gudu. Shi ya sa na shiga neman sintisaiza, wato na'urar ƙirƙirar sauti da lantarki, wadda zan ɗora wa hannu biyu a lokaci guda, na ƙare a kan Korg Minilogue, ta farkon nan da ta fito a 2016, ba Minilogue xd da ta biyo bayanta a 2019 ba. Ta hannu na saya, a wurin wani mutum da muka yi ciniki ta intanet.

Wanda ya san ta ya san ta: analog ce, wato da'irar lantarki ce ke yin sautinta ba lissafin kwamfuta ba, muryoyi huɗu, wato sauti huɗu a lokaci guda, osileta biyu, masu samar da asalin sautin, a kowace murya, maɓallai 37 sirara. Ba lissafin kayan cikinta ya kawo ni ba. Aiki ɗaya ta yi min da ya sa na kasa yin shiru.

An ba ni sautin wani gajeren fim. Akwai wurin da mace take tsaye ita kaɗai a ɗaki, iska tana kaɗawa a waje, darakta kuma yana so mai kallo ya ji a jikinsa cewa wani abu yana matsowa ba tare da an nuna masa komai ba. Babu waƙa, babu kiɗa, sauti zalla. Sai na kira abokaina biyu da muke wannan harka tare, kowa ya zo da tasa, muka ce kowa ya gwada mu ji wadda za ta fi dacewa.

Na farko ya zo da tsohuwar Yamaha DX7, wadda ba ya yarda kowa ya ɗaga masa ita. Tun 1983 na'urar nan take, kuma hanyarta daban ce, wato FM ɗin da John Chowning ya gano a jami'ar Stanford: ofareta shida, wato ƙananan masu samar da sauti, tsari 32 na haɗa su, wannan yana girgiza wancan har sauti ya fito. Duk gyaran da za ka yi ta ƙaramin allo ɗaya ne da abin ja ɗaya, amma shi ya haddace ta, yatsunsa kawai suke tafiya. Ya fito mana da wata ƙara mai kama da ƙararrawar ƙarfe daga nesa, mai sanyi, mai ƙyalli. Gaskiya babu wata analog da na taɓa ji ta yi irinta. Na biyu kuma MS-20 mini ya kawo, wadda Korg ta sake fitarwa a 2013 bisa ta asalin nan ta 1978. Filta biyu gare ta, wato matatar sauti, ɗaya tana yanke sama ɗaya tana yanke ƙasa, kuma idan ka matsa musu sai su yi kururuwa. Ya soka wayoyinsa, ya murɗa, sai da tsigar jikina ta tashi. Amma ihu ne, wurin kuma ba ihu yake so ba.

Da layi ya zo kaina, na rage osileta biyun gaba ɗaya, na ɗaga hayaniyar nan mai "shhh" ita kaɗai. Na sa filta a kan yankanta mafi ƙarfi, na rufe ta sosai har sai da hayaniyar ta koma kamar iska a bayan ƙofa. Sannan na riƙa ƙara rezonans, wato ƙarfafa sautin daidai inda filta take yankewa, a hankali har wani siririn fito ya fara leƙowa daga cikin iskar. A nan ne ta ba ni mamaki. Sikwensarta mai taku 16, wadda ke maimaita abin da ka buga, ba maɓallan da ka danna kawai take riƙewa ba, har motsin hannunka a kan abin murɗawa tana ɗauka, har guda huɗu. Na rage gudunta, na danna ɗauka, na riƙa buɗe filta ina rufewa yadda nake jin iska tana yi, ba bisa ƙa'ida ba. Da na cire hannu sai ta ci gaba da yi da kanta, da ɗan jinkirin da na yi a tsakiya, da ɗan saurin da na yi a ƙarshe. Hannuna biyu suka samu 'yanci.

Sai na dawo da osileta ta farko, na sa ta a can ƙasa, igiyar sauti mai kusurwa uku. Na kawo ta biyu daidai da ita, na goce ta kaɗan, kaɗan ƙwarai. Sauti biyu idan suka kusa zama ɗaya amma ba su zama ba, sai su riƙa kumbura suna sacewa, kuma iya kusancinsu iya jinkirin kumburin. Na san wannan a ka tun da daɗewa, amma a ɗan ƙaramin allon Minilogue ɗin ina kallon igiyar da idona tana girma tana ƙanƙancewa yayin da nake murɗawa. Na ci gaba da matsowa da su har kumburin ya yi daidai da numfashin mai barci. Na ƙara ɗan amsa-kuwwa a kai. Ɗakin ya yi tsit, sai mai DX7 ya ce, "Malam, cire hannunka. Kar ka ƙara taɓa komai, ajiye shi haka." Na ajiye shi a ɗaya daga cikin gurabenta 200. Mai MS-20 ya girgiza kai, don shi tasa ba ta ajiye komai, sai dai ya ɗauki hoton fuskarta da waya. Mukan manta cewa sai a 1978, da Prophet-5 ta Dave Smith, masu kiɗa suka samu na'ura mai muryoyi da yawa da ke tuna duk sautin da suka gina. A daren nan na ji daɗin wannan ni'ima sosai.

To amma da muka zo ɗauka, murna ta koma ciki. Na sa abin ji a kunne, sai ga wani ƙugi a ƙarƙashin komai, "zzzz", ba ya tashi ba ya sauka. A waƙa mai ganga da murya ba wanda zai ji shi. A wurin da shiru ne rabin aikin, ya lalata komai. Muka canza waya, muka canza soket, muka kashe fitila, yana nan. Ashe mutumin da ya sayar min ba da adaftarta ta asali ya haɗo ba, wata ce can ya tsinto ya jefa a kwali, bai ce min uffan ba. A tallarsa kuwa "kamar sabuwa" ya rubuta. Kuma ba nan ya tsaya ba. Abin murɗa filtar, wanda shi ne zuciyar na'urar, yana da wani wuri da idan ka kai sai sautin ya yi tsalle, alamar ya sha wuya a hannunsa. Na tura masa saƙo cikin mutunci, ya karanta ya yi shiru. Na sake turawa, shiru. Wallahi ba kuɗin ne ya fi ci min rai ba, rainin ne. Da ya faɗa min gaskiya da na saya a haka, na san abin da zan gyara tun kafin in tara mutane.

A cikin wannan ɓacin rai har abubuwan da na san da su tun kafin in saya suka fara yi min girma a ido. Muryoyi huɗu huɗu ne: ka danna maɓalli huɗu masu dogon jela, ka ƙara na biyar, ɗaya zai yanke. Mafitar sautinta guda ce, ba hagu da dama. Idan ka ɗaga rezonans kaurin ƙasa yana raguwa, kamar yadda filtoci da yawa suke yi. Ba wanda ya ɓoye min waɗannan, haka aka gina ta, amma ya kamata mai saye ya san me yake nema. In shimfiɗar sauti mai faɗi kake so wadda za ta cika waƙa, muryoyi shida da koras, mai kaurara sauti ya faɗaɗa shi, na Roland Juno-106 ta 1984 sun fi kusa da buƙatarka. In bes mai nauyi ne, akwai dalilin da har yau ake maganar Minimoog ta 1970 da osiletarta uku. Na kwana ina tunanin in sayar da ita in huta.

Ban sayar ba. Na nemo adafta daidai da ita, ƙugin ya ɓace ɗif. Mai gyara ya buɗe ta ya canza abin murɗawar, yanzu tana tafiya sumul daga farko har ƙarshe. Na kira sautin da na ajiye, ya dawo yadda na bar shi, har da motsin hannuna. Muka ɗauka, muka ɗora ƙararrawar DX7 sau ɗaya a can nesa, kururuwar MS-20 kuma muka rage ta muka ajiye ta daidai inda ƙofa take buɗewa. Darakta bai nemi a canza komai ba.

Ga mai gina sauti, wanda yake so ya ga abin da yake yi kuma ya ji shi nan take, ina ba shi shawarar Minilogue da zuciya ɗaya. Mai buga fiyano da yatsu goma kuwa zai ji ta matse shi. In ta hannu za ka saya, ka sa abin ji a kunne ka saurari shirunta tukuna, ka murɗa kowane abin murɗawa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ka kuma duba adaftar da idonka.

Yanzu haka ma ba ta wurina. Mai MS-20 ya are ta, yana so ya bi da tasa ta cikin amsa-kuwwarta ya ji abin da zai fito. Mai DX7 kuma har yau yana nan a kan bakansa cewa ƙararrawarsa ce ta ɗauki wurin, ni kuma na ce masa numfashin ne, kuma mun sa ranar da za mu sake zama da wani wurin fim ɗin mu raba gardama.