Gurbin naƙasassu a filin motocin wani babban kanti a Garwa: fenti ya yi, awo bai yi ba

Kantin yana bakin babbar kwalta a cikin Garwa ta ƙasar Kamaru, irin wanda ake tura kwando mai taya ana zaɓen kaya. Filin ajiye motocinsa yana gaba, an daɓe shi da bulo, kuma an ware gurbi biyu kusa da ƙofa domin masu naƙasa. An shafa musu shuɗin fenti, an zana farin hoton keken guragu a tsakiya. Ba a karɓar ko sisi a hannun mai wannan gurbi, alhali sauran masu motoci suna ba maigadi ɗan abin da aka saba. Kusanci da ƙofa ya yi daidai, kyautar ma ta yi daidai. Matsalar tana farawa ne daga lokacin da direba ya kashe mota ya buɗe ƙofa.

Faɗin kowane gurbi mita 2.50 ne, daidai da na kowa. Kenan gurbin kowa da kowa aka ɗauka aka sauya masa launi. Mota kamar Corolla tana cin wajen mita 1.75, saura santimita 75 ke nan, shi ma idan an manne ta da layi ɗaya. Keken guragu na manya yana kai santimita 65 zuwa 70. Ga yadda direban da ba ya iya tsayuwa yake sauka: ya wangale ƙofa har ƙarshenta, ya jawo keken daga kujerar gefe ko ta baya, ya sauke shi ƙasa, ya ware shi, ya karkato shi kusa da kujerarsa, ya danne birki biyu, sannan ya dafa da hannu ya matsa kansa. Ƙofa kaɗai idan aka wangale ta tana cin kusan mita guda. A santimita 75 ƙofar tana tsayawa a rabi, keken ba ya shiga tsakanin ƙofa da kujera, dole sai an ɗauki mutum a hannu. Abin da ya fi ciwo shi ne wanda ya sauka lafiya lokacin da gefensa ba kowa, ya gama sayayya ya tarar da babbar jif ta toshe masa ƙofa.

Awon da ake bi a Faransa shi ne faɗin mita 3.30 da tsawon mita 5, kuma aƙalla kashi 2 cikin 100 na guraben filin su zama na naƙasassu. Da wannan faɗin, Corolla tana barin fiye da mita ɗaya da rabi, wato filin da keke yake buƙata ya juya a kan kansa. Kantin zai iya gyara wannan ba tare da fasa komai ba. A haɗa gurabe uku na yanzu, mita 7.50 ke nan, a mai da na tsakiya hanya mai zanen karkatattun layuka da ba a ajiye komai a kanta. Tunda sitiyarin motocinmu yana hagu, wanda ya ajiye a dama da hanyar ya shiga da gaba, wanda ya ajiye a hagu ya shiga da baya, kowa ƙofarsa ta buɗe kan fili.

Sai lambatu. Tsakanin filin da barandar kanti akwai magudanar ruwa, an rufe ta da faifan siminti masu tazara tsakaninsu. Tayoyin gaba na keke ƙanana ne, rami ko tudu da ya wuce santimita 2 yana tsayar da su nan take, mai keken ya tafi gaba da fuska. A rufe wannan wuri da ƙarfe mai ƙananan ramuka, ko a zuba masa siminti bai ɗaya a faɗin hanyar kawai, ruwan Agusta ya bi ta ƙasa.

Gangaren hawa baranda shi ne ya fi komai muni. Tsayin barandar santimita 30, tsawon gangaren kuwa bai wuce mita ɗaya da rabi ba. Wannan tashin kashi 20 cikin 100 ne. Abin da mutum zai iya hawa da ƙarfin hannunsa cikin aminci shi ne kashi 5, wato tashin santimita 5 a kowace mita, don haka wannan baranda tana buƙatar gangare mai tsawon mita 6. Idan babu fili a gaba, a kwantar da shi a jikin bango, a sa masa makari a gefe da ƙarfen dafawa. A kan kashi 20, keke yana ɗaga gaba ya kifa da baya wajen hawa, wajen sauka kuma yana ƙwacewa. An ƙara da shimfiɗa masa tayil mai sheƙi, wanda da ƙurar hunturu da ruwan damina duk santsi yake yi. Da gani, don kwandon kaya aka yi shi.

Dokar Kamaru mai lamba 2010/002 ta 13 ga Afrilu 2010 ta ce gine-ginen da jama'a ke shiga, na gwamnati da na 'yan kasuwa, a tsara su yadda naƙasasshe zai shiga ya yi amfani da su. Ma'aikatar kula da jin daɗin jama'a tana bayar da katin shaidar naƙasa. Sai dai katin yana aljihun mai shi, ba ya jikin mota, saboda haka da zarar direba ya shiga kanti babu mai sanin motar wa ce a gurbin. A Faransa katin fakin ana ajiye shi ne a bayan gilashin gaba, na mutum ne ba na mota ba, yana ba da fakin kyauta a bakin titi tun 2015, kuma wanda ya tare gurbin ba da haƙƙi ba tararsa yuro 135, kusan sefa 88,500. A nan tarar ita ce bakin maigadi.

Maigadin safe ya san aikinsa. Yana ajiye benci a bakin gurbin, yana ɗauke shi idan ya ga mai keke ko mai sanda. Idan mai babbar riga ya ce, "Baba, minti biyu kawai," yakan ce, "Alhaji, yi haƙuri, ga wuri can na tanadar maka." Wannan dabara ce mai kyau, yana hanawa kuma yana ba da madadi. Amma daga la'asar zuwa magariba, lokacin da cunkoso ya kai, 'yan acaɓa suna jera baburansu a kan shuɗin fentin, saboda nan ne kusa da ƙofa. Akwai kuma masu ciwon zuciya ko ciwon ƙugu da ba a gani da ido, su sai sun yi ta bayani. Ƙaramin kati mai hatimin kanti, da za a ba mutum bayan ya nuna katinsa na hukuma sau ɗaya, zai raba wannan gardama.

Allo a tsaye babu. Zanen ƙasa mota tana rufe shi, ƙura tana binne shi, kuma wanda aka shafa nan fentin bango ne, har ya fara ɓarewa a sawun taya. Fentin titi ake sawa, tare da allo a kan ƙarfe wanda ya ɗara rufin mota. Inuwa ma babu, ga zafin Garwa a Maris da Afrilu yana haura digiri 40, kuma zoben ƙarfen da ake tura keke da shi yana ƙona tafin hannu. Rumfar kwano a kan gurbi biyu ba wani babban aiki ba ne.

Mai tafiya da sanda, da tsoho, da mai babur mai ƙafa uku wanda ke iya taka 'yan taku, duk za su amfana da wurin a yadda yake. Mai keken guragu da ke tuƙa mota da kansa ya je da safe kafin ƙarfe 11, ya shiga gurbin da ke ƙarshen layi yadda ƙofarsa za ta kalli fili, kuma ya tafi da mai tura shi a gangaren.